Layi biyu cikin gida ɗaya

A da, magatakardan ƙungiya da kaye da bik yake aiki. Yau wasu ƙungiyoyi sun samu kwamfuta, wadda muke ce ma ordinater. A cikinta akwai wani shafi na lissafi mai suna Excel. In ka buɗe shi, za ka gan shi gida-gida kamar dara. Kowane gida da abin da ake sa mashi: wannan na suna, wancan na tiya nawa, na gaba na kuɗi.

Mu ɗauki bankin cimaka na gari. Wata mata ta karɓi bashin hatsi tiya 10. Magatakarda yana son ya rubuta sunanta, a ƙarƙashinsa kuma sunan unguwarsu, duka cikin gida ɗaya. Dalili shi ne, mata uku ne ke da wannan suna a garin. Ya rubuta sunan, ya danna babban maɓallin nan na dama, Entrée, mai hoton kibiya lanƙwasassa. Sai ordinater ta fidda shi daga gidan, ta kai shi gidan ƙasa. To, gidan ƙasa na wata mata ne. In bai lura ba ya ci gaba da rubutu, sunan unguwa ya shafe sunanta. Ranar biya sai rigima: ga tiya 10 a rubuce, ba a san mai su ba.

Ordinater ba ta lalace ba. A Excel, Entrée shi kaɗai yana nufin "na gama da wannan gida".

Ga yadda ake yi. Ka rubuta sunan. Kada ka fita. Ka sa yatsan hagu bisa maɓallin Alt, ka riƙe shi, sannan ka danna Entrée da hannun dama. Ka saki. Sabon layi ya buɗe cikin gidan, sai ka rubuta unguwa. In ka gama, ka danna Entrée shi kaɗai.

Wani zai ce: "Malam, na yi, ya ƙi." To, duba wane Alt ka danna. Yawancin ordinater da muke samu a Nijar, maɓallansu irin na Faransanci ne, masu farawa da A Z E R T Y. Dogon maɓallin tsakiya yana da maƙwabta biyu: Alt ga hagu, Alt Gr ga dama. Sun yi kama, amma aikinsu daban. Alt Gr na fidda alamu ne irin su @. Na hagu ake so. Nan ne mutane suka fi faɗuwa, har da waɗanda suka yi lakwal.

In na hagu ka danna kuma ya ƙi, wataƙila kana bakin ƙofa ne, ba ka shiga gidan ba. Danna F2 can sama, ko ka taɓa gidan sau biyu da ɗan kusun nan na hannu. Sai ka ga wani ɗan sanda yana ƙyaftawa, ka shiga. Kai shi daidai inda kake son yanka layin, kana ka yi Alt da Entrée.

Wani lokaci kuma shafin ne ba Excel ba. In LibreOffice ne, wanda ake samu kyauta, Ctrl ake riƙewa a danna Entrée.

Saura abu guda. Ka yi komi daidai, amma layi na biyu ya ɓuya. Yana nan, gidan ne ya yi mashi gajarta. Je gefen hagu, inda lambobi suke, 1, 2, 3. Kama iyakar da ke ƙarƙashin lambar layinka da kusu, ka ja ta ƙasa kaɗan. Sunan unguwa zai fito.

Aiki: rubuta sunanka da sunan garinku cikin gida ɗaya, ka nuna ma na kusa da kai.