Shayin Cakulan na Gida Don Hunturu

Uwargida, sanyi ya sauka a Damaga, yara sai roƙon shayin cakulan suke kafin makaranta. Na gwangwani sukari ya yi masa yawa, gara ki haɗa naki.

In maigida zai ci kasuwar Talata Mafara, ya sayo garin cakulan zalla, marar sukari. Ki cire ƙwallon dabino, ki shanya dabinon ya bushe ƙamas, ki daka ki tankaɗe; shi ne zaƙinki. Ki haɗa cokali 1 na cakulan, 2 na dabino, 3 na madarar gari, sai ɗan citta. Ni nakan ƙara garin soyayyen waken suya, yana riƙe ciki. Ki adana a kwalba mai murfi. Jaririn da bai shekara ba, kada a ba shi.