Darasi: Wayar salula da tuƙi, taura biyu ba ta taunuwa

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi kowa. In ba ka da mota, kana shiga motar kasuwa. In ba ka da moto, ƙanenka ko ɗanka yana kabu-kabu a birni. In kuwa ba ka hawa komi, ai kana ƙetare kwalta da amalanke ko da garken awaki. Saboda haka mu karanta sannu a hankali, mu tattauna, mu kai labarin gida.

1. Me ya kawo wannan magana?

Wayar salula ta bazu cikin ƙasarmu tun farkon shekarun 2000. Ta yi mana amfani ƙwarai. Da ita manomi ke jin kuɗin wake da albasa kafin ya tafi kasuwa. Da ita ɗan ci-rani ke gaida iyayensa. Amma wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka hannu. Wayar da ke kawo alheri a gida tana iya kawo makoki in tana hannun mai tuƙi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a shekarar 2023. Rahoton ya ce kusan mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara sanadin haɗarin hanya. Nahiyarmu Afirka ba ta da motoci da yawa kamar Turai, amma in aka gwada da yawan jama'a, a nan aka fi mutuwa. Haɗarin hanya shi ne abin da ya fi kashe yara da matasa ƴan shekara 5 zuwa 29 a duniya. Hukumar ta kuma ce direban da ke waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya waya shiga haɗari wajen sau 4.

A ƙasarmu akwai hukumar kiyaye haɗarin hanya, wadda ake kira ANISER. Akwai jandarmomi da ƴan sanda bisa hanya. Amma ba za su iya zama cikin kowace mota ba. Sauran aikin namu ne.

2. Abubuwa uku da waya ke sata

Tuƙi yana bukatar abu uku: ido, hannu da hankali. Waya tana satar dukkansu.

Tana satar ido, lokacin da direba ya duƙa ya ga wanda ke kira.

Tana satar hannu, lokacin da ya saki sitiyari ya lalubi aljihu.

Tana satar hankali, lokacin da jikinsa ke cikin mota amma zuciyarsa tana can wajen mai magana.

Rubuta saƙo ko karanta shi ya fi komi muni, domin yana kwashe ukun gaba ɗaya. Neman saƙon murya cikin WhatsApp ma haka ne, tunda sai an duba an latsa.

3. Mu yi lissafi

Wani zai ce: "Ai kallo ɗaya ne kawai." To, mu auna kallon nan.

Kilometir 1 metir 1000 ne. Metir 1 kamar babban taki ɗaya ne na namiji. Awa 1 minti 60 ce, minti 1 kuma sakan 60 ne. Ke nan awa 1 tana da sakan 3600.

Mu ɗauki motar da ta bar Maraɗi za ta Damagaram bisa babbar hanya mai lamba 1, tana gudun kilometir 90 a awa. Wato tana cin metir 90.000 cikin sakan 3600. In muka raba, za mu samu metir 25 cikin kowane sakan.

Direban ya duƙa yana karanta saƙo har sakan 5. Mu ninka: 25 sau 5, metir 125. Wannan ya fi tsawon filin ƙwallo. Duk wannan tafiya motar ta yi ta ba mai kallon hanya. Daidai take da motar da makaho ke ja.

Cikin metir 125 ɗin nan me ke iya faruwa? Jaki ya fito daga gona. Yarinya mai talla ta ƙetare. Amalanke ta hau kwalta ba fitila. Rami ya bayyana. Ku da kanku kun san ƙauyuka nawa hanyar nan ta ratsa tsakanin Cadawa, Agye, Gazawa da Tasawa, kun kuma san yadda bakin hanya ke cika ranar kasuwa.

Ko direba yana kallon hanya sosai, yana bukatar wajen sakan 1 kafin ƙafarsa ta kai ga birki. Bayan ya taka birki ma mota ba ta tsayawa nan take. A gudun kilometir 90, daga ganin abu zuwa tsayawa ya fi metir 60, ko da kwalta busasshiya ce kuma tayoyi lafiyayyu. In waya ta ci masa sakan 1 kawai, an ƙara metir 25. Sau da yawa wannan ƙarin ne ke raba mai rai da gawa.

Mai moto ma bai tsira ba. A gudun kilometir 36 a awa, moto tana cin metir 10 kowane sakan. Kallon waya na sakan 3 ya zama metir 30, ga fasinja a baya, ga hannu ɗaya kawai bisa kan moto.

4. Na'urorin da ke hutar da hannu

Saboda wannan matsala aka ƙera na'urori da ke bari mutum ya yi magana ba tare da ya riƙe waya ba. Ana sayar da su a kasuwannin Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram. Ga iri huɗu da abin da ya kamata mu sani game da su.

Na farko, lasifikar da ke jikin wayar kanta. Ba ta cin ko dala. Amma sai an kafe wayar wuri ɗaya. In aka aje ta bisa cinya, za ta zame ta faɗi ƙarƙashin ƙafa, direba ya duƙa nemanta.

Na biyu, abin kunne mai igiya. Yana da araha, amma yana da aibi biyu. Yana toshe kunnuwa duka, direba ba ya jin oda, ba ya jin ihun mutane, ba ya jin ƙarar taya in ta fashe. Igiyar kuma tana iya sarƙewa da giya ko sitiyari. Wannan bai dace da mai tuƙi ba.

Na uku, ƙaramin abin kunne maras igiya, wanda ake kira Bluetooth. Ana sa shi a kunne ɗaya. Yana da maɓalli ɗaya na amsa kira. Ya fi mai igiya, amma sai an riƙa ba shi caji, kuma yana rage jin kunne ɗaya.

Na huɗu, lasifikar da ake maƙalawa cikin mota, ko wadda aka haɗa da rediyon mota. Ita ta fi sauran, domin kunnuwa biyu suna buɗe, hannuwa biyu suna bisa sitiyari.

Wanda zai saya ya kula da abu huɗu. Ya zaɓi wadda ake amsa kira da latsawa ɗaya, ba sai an duba ba. Ya zaɓi wadda ba ta toshe kunnuwa. Ya gwada ta gaban mai sayarwa kafin ya biya, ya ji ko murya tana fita sarai, domin muryar da ba ta fita tana sa mutum ya duƙa yana kasa kunne. In zai sayi mariƙin waya, ya nemi mai ƙarfi wanda ba ya saki a hanya mai gargada, kuma kada ya liƙa shi inda zai tare masa ganin hanya. Sannan duk haɗawa da gyarawa a gama su tun mota tana tsaye.

Ga mai moto kuwa, babu na'urar da muke ba shi shawara. Kunnensa shi ne idonsa na baya. Cusa waya cikin hular kwano, ko cikin rawani, ko matse ta tsakanin kunne da kafaɗa, duk wasa da rai ne.

5. Hannu ya huta, hankali bai huta ba

Yanzu ga zuciyar darasinmu. Na'ura tana mayar wa direba hannunsa. Tana mayar masa da idonsa. Amma babu na'urar da ke mayar masa da hankalinsa.

A shekarar 1997 wasu masana a birnin Toronto na ƙasar Kanada suka fitar da sakamakon binciken da suka yi kan direbobi 699 da suka yi haɗari. Suka duba lokacin da kowane ya yi waya da lokacin da haɗarin ya auku. Suka gano cewa haɗari ya ninka sau 4 lokacin waya. Suka kuma gano cewa masu na'urar hutar da hannu ba su fi masu riƙe waya tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne.

Me ya sa haka? Domin ido yana kallo, amma hankali ne ke gani. A shekarar 1999, a jami'ar Harvard ta Amurka, aka nuna wa mutane wani ɗan gajeren fim na masu jifar juna da ƙwallo. Aka ce su ƙidaya sau nawa masu fararen riguna suka miƙa ƙwallon. Ana cikin haka sai wani ya shigo sanye da rigar goggon biri, ya tsaya tsakiya, ya bugi ƙirji, ya wuce. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba. Idonsu yana wurin, hankalinsu yana ga ƙidaya.

Mu ma mun san wannan a gida. Mace tana sauraren labari mai zafi, tukunya tana gabanta, amma tuwo ya ƙone. Haka direban da ake gaya wa cewa ɗansa ba lafiya, ko mai bashi ya zo gida, zai kalli saniya bisa hanya bai gan ta ba.

Shi ya sa wasu ƙasashe suka tsananta doka. Faransa ta hana riƙe waya lokacin tuƙi tun 2003. Daga ranar 1 ga watan Yuli 2015 kuma ta hana direba sa kowane irin abin sauraro a kunne.

Wani zai tambaya: "To, hira da fasinja fa?" Akwai bambanci. Wanda ke zaune kusa da direba yana ganin hanya tare da shi. In ya ga kwana ko raƙumi, sai ya yi shiru, ko ya ce "Hattara!" Mai magana ta waya ba ya ganin komi. Direba yana tsakiyar wuce babbar mota, shi kuwa yana can yana tambaya: "Kana jina kuwa?"

6. Abin da kowa zai yi

Direba: ka kira gida da maigidanka kafin ka tada mota, ka faɗa musu lokacin da za ka iso. Ka rufe ƙarar waya, ko ka ba yaron mota ya riƙa amsawa. In kiran dole ne, ka nemi fili, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya, ka tsaya. Kada ka tsaya cikin kwana ko bayan tudu. In kana da na'ura, amfaninta ɗaya ne: ka ce "Ina tuƙi, zan kira ka," ka kashe.

Uwargida da sauran ƴan gida: in kun kira mai tuƙi, ku fara da tambaya: "Kana bisa hanya?" In ya ce i, ku ce ya kira in ya tsaya. Kada ku yi ta maimaita kira don bai ɗauka ba. Labarin rasuwa ko na rashin lafiya kuwa, a jira sai ya tsaya.

Mai mota da ɗan kasuwa: kada ka yi wa direbanka faɗa don bai amsa kira ba. Motarka da kayanka yake kiyayewa.

Fasinja: kuɗin mota ka biya, ba ranka ka sayar ba. Ka yi magana da ladabi: "Maigida direba, don Allah ka tsaya ka gama wayar, ba mu gaggawa." In mutum ɗaya ya faɗa, sauran su goya masa baya.

Mai ƙafa, mai amalanke da makiyayi: ku cire waya daga kunne kafin ku hau kwalta. Ku dubi hagu, ku dubi dama, ku sake duban hagu.

Wasu za su ce ajali ba ya wuce lokacinsa. Gaskiya ne rai na hannun Allah. Amma ba wanda ke barin rijiya buɗe a tsakar gida don ya dogara ga Allah. Rigakafi ya fi magani. Kiran da ka rasa kana iya mayar da shi bayan minti 10. Ƙafar da aka yanke a gidan likita ba ta tsirowa, marayu kuma ba su da lambar da za su kira.

Tambayoyi don tattaunawa a cibiya

1. Waɗanne abubuwa uku ne waya ke sata daga mai tuƙi?
2. Cikin ukun, wanne ne na'ura ba ta iya mayarwa?
3. Don me abin kunne mai igiya bai dace da direba ba?
4. Mota tana cin metir 20 kowane sakan. Direba ya kalli waya sakan 4. Metir nawa ta ci ba mai kallon hanya?
5. Me za ka ce wa direban da ke waya kana cikin motarsa? Kowa ya rubuta jimla ɗaya cikin littafinsa, ya karanta wa ƴan'uwa.

Wanda ya karanta wannan darasi, ya karanta wa direba ɗaya da ɗan kabu-kabu ɗaya na garinsu kafin kasuwa mai zuwa. Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya.