Ina Za a Sa Ɗakin Baba? Tambayar da Ake Mantawa Kafin Haƙa Harsashi

Aikina zanen gine-gine ne da kula da magina, kuma yawancin gidajen da nake tsarawa a Dakoro da garuruwan kewaye, irin su Kornaka da Sabon Mashi da Birnin Lalle, kuɗinsu daga nesa yake zuwa. Ɗa ya tafi bida Legas ko Libiya ko Aljeriya, ko yana aiki a Yamai, Allah ya buɗa masa, sai ya ce zai gina wa iyayensa gida su huta. Niyya ce mai kyau, kuma addini ya yi umarni da kyautata wa iyaye idan tsufa ya cim musu. Amma abin da nake gani a bakin aiki shi ya sa na ɗauki alƙalami: da yawa daga cikin waɗannan gidaje suna raba tsoho da jama'arsa, alhali mai ginin bai taɓa nufin haka ba.

Ga yadda abin yake faruwa. A tsohon gida na tsakiyar gari, dattijo yana da zaure, yana da dakali a ƙofar gida, masallaci kuma taku kaɗan ne. Duk mai wucewa zuwa kasuwa ko gona sai ya rage tsawo ya gaishe shi. A nan yake jin wanda ya haihu da wanda ya rasu, a nan ake kawo masa rigimar iyakar gona ko ta aure ya sasanta. Tsohuwa kuma ɗakinta yana kallon tsakar gida, turmi da murhu a gabanta, jikoki suna shiga suna fita, yaran maƙwabta suna zuwa sayen daddawa ko ƙuli-ƙuli. Sai a sayi fili a sabuwar unguwa bayan gari, a ja katanga mai tsawo, a sa ƙofar ƙarfe, a cire zaure don a sami wurin ajiye mota, a zuba tayil mai santsi, a ɗaga daɓen da matakala uku saboda ruwa. Ɗakin Baba kuma a kai shi can ƙurya, wai don kada a dame shi da hayaniya. Kafin shekara ta zagayo, mutumin da yake sallar jam'i sau biyar ya koma yi a ɗaki, wanda ake gaisarwa tun safe har dare ya koma sai ranar Juma'a ake leƙo shi.

Akwai wani gida da aka kira ni in duba tsagewar bango. Na tarar da uwar mai gidan zaune a bakin ƙofar ɗakinta, a bayan ginin, inda babu abin kallo sai katanga. Bayan gaisuwa na ce, “Inna, ai kin samu gida, Allah ya sanya albarka.” Ta ce, “Amin, ɗana. Gida kam ya yi kyau. Sai dai tun da na shigo, ko sallamar almajiri ba na ji.” Ba ta yi kukan abinci ba, ba ta yi kukan sutura ba. Abin da ta rasa mutane ne, kuma zanen gidan ne ya hana su isowa gare ta.

Wannan ba ƙorafin tsufa ba ne kawai. A watan Nuwamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman kan kaɗaici da yankewar zumunci, kuma rahotonsa na 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, abin da ake alaƙantawa da mutuwar sama da mutum 871,000 a kowace shekara. Kaɗaici yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da damuwa da ruɗewar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma hasara ta kusa da kowa zai gane: tsohon da ake gani kullum, ranar da bai fito ba za a tambaya. Wanda yake ƙurya yana iya faɗuwa da hantsi, ba a sani ba sai azahar.

Wani zai ce Nijar ƙasar yara ce, kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 kuwa ba su fi uku cikin ɗari ba. Haka ne, kuma shi ya sa babu mai tuna su idan ana zana gida ko ana yanka filaye. Ga shi kuma zaman gandu, inda uba da ƴaƴansa maza suke noma gona ɗaya su ci daga rumbu ɗaya, yana ta raguwa. Gonaki sun tsuke, matasa suna tafiya da an gama girbi, wasu ba sa dawowa sai bayan shekaru. Abin da a da yawan mutanen gida yake yi wa tsoho ba tare da an shirya ba, yanzu sai an tsara shi da gangan.

Farkon abin da nake dubawa a kowane zane shi ne inda ƙafafun mutanen gida suke bi: daga ƙofa zuwa tsakar gida, daga madafa zuwa randa. Ɗakin tsoho a bakin wannan hanya ya kamata ya zauna. Na dattijo ya kasance kusa da zaure, yadda abokansa za su shigo ba tare da sun ratsa wurin mata ba. Na tsohuwa ya kalli inda ake daka da girki, kuma kada ya yi nisa da ƙofa, domin ita ce mai fita barka da ta'aziyya, ita ce ƴan'uwanta mata suke zuwa wa hira. Idan fili ya yi kaɗan har ba a iya fitar da zaure, to a ja katanga baya kamar mita ɗaya da rabi a yi dakali da rumfa. Tsayin dakalin ya kai santimita 45, domin mai ciwon gwiwa ya iya zama ya tashi da kansa. Taga kuma a sauke ta ƙasa, yadda wanda yake zaune ko yake kwance a gado zai ga tsakar gida. Taga ƴar ƙarama can kusa da rufi ta dace da ɗakin ajiya, ba ta dace da ɗakin mutum ba.

Na biyu, inuwa da sanyi. A Afrilu da Mayu zafin Dakoro yana wuce digiri 40, ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin kuwa tanderu ne. Jikin tsoho ba ya fitar da gumi kamar na yaro, ba ya kuma jin ƙishirwa da wuri. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, kuma babban asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mamata 102 cikin kwana huɗu, da yawansu sun haura shekara 60. Bangon ƙasa mai kauri yana jinkirta shigar zafi har dare ya yi, shi ya sa ɗakin soro ya fi na bulo daɗin zama da rana. Idan kwano za a sa, a yi silin a ƙarƙashinsa, a bar tazara iska ta riƙa ratsawa, irin dabarar da Francis Kéré ya yi a makarantar ƙauyensu Gando ta Burkina Faso, mutumin da ya ci babbar kyautar zanen gine-gine ta Pritzker a 2022. Ƙofa kuma gara ta kalli kudu, domin hadarin damina daga gabas yake tasowa, ƙurar hunturu daga arewa maso gabas, rana mai ƙuna kuma ta yamma ce. A dasa dogon yaro a ƙofar gida tun ranar da aka fara gini. Inda inuwa take nan mutane suke taruwa, ko ba a gayyace su ba.

Na san abin da ke sa mutane gudun ginin ƙasa. A daminar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jahar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe. Amma abin da ke kayar da bango ruwan da ke kwanciya a gindinsa ne da wanda ke shiga ta kansa. A yi harsashi da dutse ko siminti a ɗaga shi sama da ƙasa, a sa indararo mai tsawo, a sabunta yaɓe kafin ruwa ya sauka. Azara ta yi tsada, amma tun wajen 1980 ake koyar da magina a ƙasar nan ginin da ba ya buƙatar itace, mai rufin tuluwa da baka. A Dandaji ta jahar Tawa, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu, aka gama a 2018. Ƙasa ba alamar talauci ba ce idan an iya aikinta.

Na uku, hanyar da tsoho zai bi ya fita ya dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Tsohon da ya taɓa faɗuwa sau ɗaya tsoro yake kama shi, sai ya daina fita, daga nan ƙafa ta ƙara mutuwa. Don haka a bar tayil mai sheƙi a ɗakinsa da wurin alwala, daɓen siminti mai kaushi ya fi. A sauke dokin ƙofa. Inda aka ɗaga daɓe a yi gangara mai sauƙi: kowane santimita 10 na tsayi a ba shi aƙalla santimita 120 na tsawo. Faɗin ƙofa ya kai santimita 90, saboda ranar da za a shiga da keken guragu ko mutum biyu su tallafo shi. Salanga ta kasance kusa da ɗaki, a gina mata wurin zama, a kafa ƙarfen kamawa a bango, a sa ƴar fitila mai aiki da hasken rana a hanya. Tsofaffi da yawa suna rage shan ruwa da gangan don tsoron tsugunno da tafiyar dare, ba sa kuma faɗa wa kowa saboda kunya.

Akwai kuma waɗanda tsufa ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, suna mantuwa, suna fita su ɓata. Wannan ciwo ne, ba maita ba ce, ba kuma hauka ba ce da za a kulle mutum. Irin wannan tsoho bai kamata a canza masa ɗaki ko unguwa ba sai dole, domin wurin da ya sani shi ne abin da ya rage masa na kamawa. A bar masa fili a tsakar gida ya zagaya, a sanar da maƙwabta halin da yake ciki. Unguwar da ta san shi ita za ta kamo hannunsa ta maido shi gida.

Saura waɗanda ba su da mai gina musu komai: wadda ba ta haihu ba, wanda ƴaƴansa suka tafi babu labari, da tsofaffin Fulani da Buzaye da ba su iya bin dabbobi zuwa arewa ta kwarin Tarka, suka zauna a bukkoki a gefen gari. Duk lokacin da aka tada zancensu sai wani ya ce a gina gidan gajiyayyu. Kafin mu kwaikwayi wannan, mu dubi yadda ƙasashen da suka daɗe da shi suke ta ƙoƙarin maido da jama'a cikinsa. A garin Deventer na ƙasar Holan, gidan tsofaffi na Humanitas yana ba ɗalibai ɗaki kyauta, su kuma su yi awa 30 a wata suna zama da tsofaffin. A Tokyo ta Japan akwai Kotoen, inda gidan tsofaffi da wurin renon yara suke gini ɗaya. Abin da suke kashe kuɗi su ƙirƙira, mu muna da shi a kowace unguwa. Saboda haka idan mai hali ko ƙungiya ko ma'aikatar magajin gari za su taimaka, shawarata ita ce ɗaki biyu ko uku a cikin unguwa, jingine da masallaci ko makarantar allo ko kusa da famfo, a matsayin waƙafi, maimakon babban gini ɗaya a bayan gari mai katanga da maigadi. A haɗa kowane ɗaki da gidan maƙwabcin da ya yarda ya riƙa leƙawa, a tallafa wa wannan gida da hatsi. Ya fi araha, kuma ba ya sa wa tsoho tambarin wanda danginsa suka yar.

Masu yanka filaye su ma suna da nasu aikin: kowace sabuwar unguwa a bar mata fili na inuwa da wurin zama, kada a sayar da kowane taku. Magina kuma, idan mai gida ya ce a kai ɗakin tsoho ƙurya, ku faɗa masa abin da zai biyo baya, domin shi yana nesa, ku ne kuke wurin.

Kai kuma da kake aiko da kuɗi, yawancin abin da na lissafa ba ya ƙara tsadar gini idan tun a zane aka sa shi. Gyara bayan an gama shi ne mai cin kuɗi. Kafin a haƙa harsashi, kira Baba da Inna ka tambaye su inda suke son zama da hantsi da kuma bayan la'asar, su wa suke son su riƙa gani, kuma wane masallaci ne ƙafarsu za ta iya kaiwa. Idan amsarsu ta nuna tsohon gida ne, to gyara musu shi: sabon rufi, salanga mai wurin zama, rumfa a ƙofa. Sabon filin ka gina wa kanka.