Amsoshin Tambayoyinku: Tattaki Don Ladar Mahaifiya

Tambaya: Mahaifiyata ta rasu bara bayan doguwar jinyar ciwon daji, wadda sai da ta cinye mana gona da shanun huɗa. Ina so in yi tattaki daga Gwandu zuwa asibitin Kalgo don tara wa majinyata marasa ƙarfi kuɗi, ladar ta je gare ta. Wasu sun ce riya ce, wasu sun ce al'adar Turawa. Yaya zan yi? — Wani matashi daga Gwandu

Amsa: Allah ya jiƙan Inna, ya sa jinyar ta zama kaffara, kai kuma ya yi maka albarka, ɗana.

Yi wa mamaci sadaka abu ne mai asali. Da mahaifiyar Sa'adu bin Ubada ta rasu, ruwa ya shayar da sunanta bisa shawarar Manzon Allah (SAW). Riya kuwa a zuci take, kuma Alƙur'ani bai hana bayyana sadaka ba. Tattakinka shela ce kawai, irin ta sanƙira a kasuwa. Sadakar ita ce allurar da za ta shiga jikin majinyaci. Ka zauna da malaminku, ka ji ta bakinsa, sannan ka riƙa duba niyyarka.

Ba kai ne farau ba. A 1980 Terry Fox, matashin Kanada da ciwon daji ya raba da ƙafa ɗaya, ya yi gudun kilomita 5,373 cikin kwana 143, har yau ana tara kuɗi da sunansa. A gida ma, gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, matar tsohon gwamnan Kebbi, takan shirya tattakin yaƙi da ciwon daji a Abuja.

Sai dai jiki ba ya karɓar gaggawa. Daga Gwandu zuwa Kalgo ya wuce kilomita 42 na gasar dogon zango ta duniya, don haka ka raba tafiyar, kana yada zango a hanya. Kafin komai a auna maka jini da suga, ka kuma san ko kana da sikila. Ka ba kanka wata huɗu zuwa shida na atisaye: fara da kilomita uku bayan Asuba, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako, kana hutawa kwana ɗaya ko biyu. Ka zaɓi Disamba ko Janairu. A bazara zafin Kebbi yakan haura maki 40, kuma yana kisa. Kada ka sa sabon takalmi ranar tafiya, sai wanda ƙafarka ta saba da shi. Mai babur ya biyo ka da ruwa da haɗin gishiri da suga. Ka sanar da hakimi, da 'yan sanda, da jami'an kiyaye haɗurra. In jiri ya ɗebe ka ko ƙirji ya riƙe, ka tsaya. Tsayawar ba abin kunya ba ce.

Inda nauyin yake shi ne kuɗin jama'a. Kada ko kwabo ya shiga asusunka. Ka kafa kwamitin amintattu uku, misali liman da ma'aikacin lafiya da wata dattijuwa, a buɗe asusun da ba a cire kuɗi sai da sa hannun biyu. Ka je wurin shugabannin asibitin tun da wuri, ku tsara yadda za a zaɓi majinyata, a kuma biya kuɗin magani kai tsaye. Masu taimako su yi alkawarin abin da za su bayar a kan kowace kilomita, ko da naira ɗari ce. Bayan an gama, a karanta lissafi a gaban jama'a, da rasit a hannu, ba tare da an fallasa sunan majinyaci ba.

In ka riƙe wannan amana, masu sukar yau su za su fara miƙo nasu baɗi. Allah ya karɓa, ya kai ladar kabarinta.