Ƙarin Girma da Kewar Sana'a: Darasi Daga Halifa Abubakar

A ma'aikatu da yawa, idan injiniya ko bakanike ya gwanance, ladan da akan yi masa shi ne a raba shi da aikin da ya gwanance a kai. A ba shi ofis da mota, a ce ya zama manaja. 'Yan'uwa su zo barka, albashi ya ƙaru, amma bayan 'yan watanni sai ya ga wuninsa yana ƙarewa a taro da sa hannu a takardu da sasanta ma'aikata. Dā in rana ta faɗi yana iya nuna injin da ya tayar, yanzu kuwa ba abin nunawa. Sai ya riƙa tambayar kansa ko gaba ya ci ko baya, yana kuma jin nauyin faɗa wa kowa, don kada a ce ya yi wa Allah butulci.

Wannan hali ba sabo ba ne. Sayyidina Abubakar Siddiƙu, Allah ya yarda da shi, ɗan kasuwa ne mai sayar da tufafi. An yi masa mubaya'a a shekara ta 11 bayan Hijira, watau 632 Miladiyya. Ibn Sa'ad ya ruwaito cewa bayan naɗinsa ya ɗauki tufafinsa ya nufi kasuwa kamar yadda ya saba, sai Umar da Abu Ubaida suka tare shi, suka tuna masa cewa al'amarin Musulmi yana wuyansa. Ya tambaye su inda zai sami abin ciyar da iyalinsa, sa'an nan aka yanka masa abin da zai ishe shi daga baitulmali. Duk da haka ya yi kamar wata shida a gidansa na Sunhu, a gefen Madina, har yana tatsar wa maƙwabta awakinsu yadda yake yi tun kafin halifanci. Daga baya ya tabbata cewa kasuwa da jagorancin jama'a ba za su haɗu a hannu ɗaya ba, ya komo cikin gari, ya bar ciniki.

Abin lura yana cikin ruwayar Buhari daga Nana A'isha. A can Abubakar ya fara da shaida wa jama'a cewa sana'arsa ba ta taɓa gaza riƙe gidansa ba, watau bai raina ta ba, kuma ba gudunta ya yi ba. Sa'an nan da zai ambaci hidimar da zai yi wa Musulmi, sai ya yi amfani da kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da hirfa, wadda ke nufin sana'a. Ashe a wurinsa shugabanci sana'a ce sabuwa da ake koyo, ake kuma karɓar lada a kanta, ba kujerar hutu ba ce.

Saboda haka kewar tsohon aiki ba butulci ba ne. Hadisi ya tabbata cewa mafi alherin abinci shi ne wanda mutum ya ci da aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana sarki yana ƙera sulke. Inda haɗarin yake shi ne kewar ta ja manaja ya bar teburinsa ya ƙwace sifana daga hannun yaransa. Ransa zai yi sanyi, gaskiya ne, amma takardar hutun wani da kuɗin asibitin wani suna nan ba a sa hannu ba, kayan gyara ba a yi odarsu ba, yaran kuma ba za su taɓa ƙwarewa ba. Albashin da yake karɓa na waɗannan ne.

Shi ma Abubakar an ruwaito cewa ya hau abin hawansa zai jagoranci yaƙin Ridda da kansa, sai Sayyidina Ali ya riƙe linzamin, ya roƙe shi ya koma Madina. Ya koma, ya ɗaura tutoci 11 ga shugabannin yaƙi, cikinsu har da Halidu bin Walid. Bayan yaƙin Yamama kuma bai ɗauki alƙalami da kansa ba, Zaidu bin Sabit ya ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani. Ma'aunin shugaba ke nan: wa ya zaɓa, me ya tanadar masa, kuma haƙƙin wa ya isa ga mai shi ta hannunsa.

Wanda kuwa ya gwada ya ga ba zai iya ba, babu abin kunya in ya nemi a mai da shi wurin injinsa, ko da albashi zai ragu. Abu Zarri ya nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi muƙami, aka hana shi saboda rauninsa a wannan fage, aka gaya masa cewa amana ce, darajarsa cikin sahabbai kuwa ba ta ragu ba.

Abubakar ya yi shekara biyu da 'yan watanni yana halifa, ya rasu a shekara ta 13 bayan Hijira. Kafin rasuwarsa ya yi wasiyya a biya baitulmali abin da ya ci daga dukiyarsa, aka kuma kai wa Umar ɗan abin da ya rage a hannunsa na jama'a.