Yadda Ake Zaɓen Kayan Motsa Jiki ga Mai Ƙaramin Ɗaki a Damargu

Manomin Damargu da ke wuni a gonar hatsi da hauyarsa mai doguwar ƙota, da makiyayin Tarka da ke kora raƙumi yana jan wasaki daga rijiya mai zurfin gaske, da matar ƙauye wadda taɓarya ba ta barin hannunta tun kafin hantsi, dukansu ba su da bukatar wannan bayani, domin sana'arsu ta riga ta ɗauke musu nauyinsa. Waɗanda nake nufi su ne malamin makaranta da aka turo Tanut ya kama hayar ɗaki guda, da ma'aikatan da suka zauna Belbeji tun da aka ɗaukaka ta ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, da mai shago a kasuwar Bakin Birji wanda ba ya tashi daga benci sai don salla, da kuma matar kulle wadda injin niƙa ya raba ta da turmi. Irin waɗannan su ne hawan jini da ciwon sukari suka fi yi wa sallama, alhali kuwa jiki amana ce da za a tambayi mai shi yadda ya riƙe ta.

Farkon abin da ya wajaba, tun kafin a yi zancen kasuwa, shi ne mutum ya tantance larurarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta shawarci baligi ya sami minti 150 zuwa 300 a kowane mako na motsin da ke ɗaga numfashi kaɗan, sa'an nan ya keɓe aƙalla kwana biyu don ƙarfafa gaɓoɓi. To, kashin farko na wannan shawara ba ya cin ko dala ɗaya a wurin wanda zai iya fita, gama tafiya mai sauri cikin rairayin bayan gari bayan sallar asuba ta wadatar. Saboda haka galibin abin da za a saya na kashi na biyu ne, sai fa ga wanda kulle ko yanayin aiki ya hana shi fita. Wanda ya haura shekara arba'in, ko aka taɓa ce masa jininsa ya hau, ya fara biyawa ta asibiti a auna shi, ya ji abin da likita ya yarje masa.

Daga nan sai awon ɗaki, kuma nan ne mafi yawan masu saye ke yin gaggawa. Ka shimfiɗa tabarma a filin da ya rage tsakanin gado da randa da akwatuna, ka kwanta a kanta, ka miƙe hannuwa sama da kanka, sa'an nan ka buɗe su dama da hagu. Idan ba ka taɓa kome ba, wato wajen mita biyu da ɗoriya a tsawo da kusan mita biyu a faɗi, to, wannan ne iyakar mulkinka, kuma duk abin da ba zai shiga cikinsa ba ka cire shi daga zuciyarka. Ka tashi tsaye ka ɗaga hannu ka ga inda rufi yake, domin tsallen igiya yana son sarari a bisa kai, wanda ɗakunanmu na ƙasa ba safai suke da shi ba, sai dai a fita tsakar gida ko zaure. Kada kuma ka yarda ka rataya nauyin jikinka a azarar rufi, kome ƙwarinta a ido, gama gara tana cin itace daga ciki ta bar bayansa lafiya lau. Haka nan sandar lilo da ake maƙalawa a bakin ƙofa, an yi ta ne domin ginin siminti mai ƙarfi. A bangon laka ba ta da abin kamawa, sai ta zubo da mai ita. In lalle kana son ta, mai walda ya haɗa maka bututun ƙarfe a kan ƙafafu biyu a kafa a tsakar gida, bayan ka nemi izinin mai gidan, domin shi ma yana da haƙƙi, kamar yadda maƙwabcin da bango ɗaya ya raba ku yake da haƙƙin kada ka tashe shi da ƙarar ƙarfe.

Sai a dubi ƙasar da ake zaune cikinta. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce awo 40, da hunturu kuma ƙura tana shiga ko cikin akwatin da aka kulle, kuma waɗannan biyu su ne alƙalan da ke yanke wa kowace na'ura hukunci. Na'urar gudu mai lantarki, wadda ake gani a hotunan waya har rai ya biya, tsawonta ya kusa mita biyu, mutum ɗaya ba ya ɗaga ta, tana son wuta tsayayya, bel ɗinta da injinta kuwa maƙiyan rairayi ne. Ranar da ta tsaya, kafin a sami mai duba ta sai an yi tafiyar kusan kilomita 150 zuwa Damagaram, kayan gyaranta kuma watakila sai an aika Kano ko Yamai. A ganina sayenta ga mai ɗaki ɗaya a Tanut israfi ne tsantsa, ƙarshenta ta zama maratayar tufafi. Idan har ana bukatar na'ura, musamman ga wadda ba ta fita ko mai ciwon gwiwa, to, keken da ake tuƙawa a wuri ɗaya ya fi maslaha, domin ba ya cin wuta, kuma kowane mai gyaran keke ya san sarƙa da feda. Hasali ma wanda yake da kekensa na hawa yana iya sa mai walda ya ƙera masa mazauni da zai ɗaga ƙafar baya daga ƙasa, ya tuƙa a ɗaki, in ya gama ya sauke ya hau abinsa zuwa aiki.

Amma abin da ya kamata a fara mallaka ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Tabarma mai kauri ita ce asali, a riɓa bargo a kanta saboda gwiwa da gwiwar hannu. Igiyar tsalle kuwa ga yadda ake auna ta: ka taka tsakiyarta da ƙafa, ka ja bakunanta biyu sama, idan sun kai hammata ta yi daidai, sai dai mai ƙiba sosai ya jinkirta ta har jikinsa ya saba. Robar ja, wadda ake takawa ko a ɗaure a ƙafar gado, ta fi kome dacewa da ƙaramin ɗaki, tun da aljihu ma yana ɗaukarta, kuma wanda bai samu ta kanti ba yana iya yanko ta daga tsohuwar robar cikin tayar mota. Sharaɗinta kawai a ɓoye ta daga rana, a kuma duba ta kafin kowane ja, gama idan ta tsattsage ta tsinke, ido take nema.

Batun nauyi shi ne ya fi bukatar tsayawa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka gorar roba mai lita ɗaya da rabi ta isa mafari, in aka cika ta da busasshen rairayi kuma nauyinta ya haura kilo biyu. Jarka mai lita 20 kuwa ta ishi ƙato, kuma tana da falalar da ƙarfe ba shi da ita, wato ana rage ta ana ƙara ta gwargwadon ƙarfin mai ɗauka. Wasu sukan ɗaura tiya biyu ko uku ta hatsi a buhu su riƙa ɗagawa, ni dai ban so a mai da abinci abin wasa ba alhali rairayi yana bakin ƙofa. Samarin unguwar Kara-Kara a Damagaram, waɗanda Aisha Maki ta nuna a fim ɗinta na 2021, sun shahara da ɗaga manyan nauyaya da suka haɗa da hannunsu, kuma hikimarsu abar koyi ce, ko da yake girman kayansu na fili ne, ba na ɗaki ba. Mai son ƙaramin irinsa ya nemi gwangwani biyu masu girma ɗaya da guntun bututun ƙarfe, ya sa a huda bakunansa a soka ƙusoshi a gicciye don siminti ya kama, ya kwaɓa awo ɗaya na siminti da biyu na yashi da biyu na tsakuwa, ya zuba gefe ɗaya ya bari ya daskare kafin ya juya ya zuba ɗayan, sa'an nan ya yi mako guda yana yayyafa masa ruwa a inuwa. Gwangwani mai lita ɗaya yakan ba da kilo biyu da ɗoriya. In kuwa na kasuwa za ka saya, ka zaɓi mai faifai da ake cirewa ana ƙarawa, ka murɗa makullinsa ka girgiza ka ji ko yana motsi, ka kuma ɗora shi a sikeli, domin ba kowane adadi da aka rubuta a jikin ƙarfe ne gaskiya ba. Nauyin da ya dace da kai shi ne wanda za ka ɗaga sau goma zuwa goma sha biyu, na ƙarshe da ƙyar, ba tare da ka riƙe numfashi ko ka karkata baya ba.

Ajiya ba ta da wuya: igiya da roba a ƙusa, nauyi a ƙarƙashin gado inda yara ba za su jawo shi a kan ƙafa ba. Lokacin motsa jiki mafi kyau kuwa shi ne bayan asuba ko dab da magariba, da azumi kuwa sai an sha ruwa an huta.

Ya kai mai karatu, ka yi wata guda cur da tabarma da igiya da gora biyu kafin ka fitar da jika ko ɗaya a kan wani abu dabam, domin a cikin wannan wata ne za ka san abin da ka rasa bisa haƙiƙa. Idan kuma a tsakiyar motsi ka ji ƙirjinka ya ɗaure, ko jiri ya ɗebe ka, ko numfashi ya gagara, ka dakata nan take, ka tafi asibiti a ranar.