DARASI NA 14: HAUWA DA TAKWARORINTA

Jama'a, a nan Gafasa da wuya ka shiga unguwa ba ka sami Hauwa ba. Haka abin yake a Gaya da Ajingi. Sunan uwarmu ne ta farko, matar Annabi Adamu. Waɗanda ke jin kunyar sunan sukan ce Kulu, ko kuwa Jidda, domin an ce kabarinta a birnin Jidda yake.

Idan mutum biyu suna da suna ɗaya, sai a ce takwarori ne. To, yau za mu karanta labarin takwarori uku. Kowacce Hauwa ce, amma kowacce da aikin da aka san ta da shi.

Ta fari ita ce Hauwa Gwaram. Gwaram tana kudu maso gabas da mu. Dā cikin ƙasar Kano take, amma tun 1991 ta koma Jihar Jigawa. Ita wannan Hauwa malamar yaƙi da jahilci ce. Ta koya wa matan aure karatu da tsabta da renon yara, kamar yadda ake koya muku yanzu. Ta lura mata sun fi riƙe magana in an sa ta cikin waƙa. Saboda haka sai ta riƙa rubuta waƙoƙin gargaɗi, tana rerawa. Aka sa su a rediyo, har matan da ke cikin kulle suka ji. A 1983 aka buga waƙoƙinta a Zariya, tare da na Hajiya 'Yar Shehu, cikin littafi mai suna Alƙalami a Hannun Mata. Ku lura da wannan suna da kyau. Dā mutane da yawa suna tsammani alƙalami na maza ne kaɗai.

Ta biyu ita ce Hauwa Ali, mutuniyar Gusau. Ta yi karatu mai zurfi, har ta koyar a Jami'ar Maiduguri. Da Turanci ta yi nata rubutu. Littafinta na fari, Destiny, ya fito a 1988, na biyu kuwa, Victory, a 1989. Na farin labarin wata yarinya ne mai suna Farida, wadda take son karatu, amma danginta suka tsaya sai ta yi aure. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Hauwa Ali ta rasu a 1995, amma har gobe ana karanta littattafanta.

Ta uku ita ce Hauwa Maina, 'yar wasan kwaikwayo. Ta fito cikin finafinan Hausa masu yawa, jama'a suka san fuskarta da muryarta. Kada ku ce nata aikin ba ruwansa da karatu. Kafin a ɗauki wasa, sai an rubuta labarin a takarda, kowa ya karanta abin da zai faɗa. Ta rasu a Kano a 2018. Allah ya jiƙan musulmi.

To, ga abin lura. Masu suna Hauwa ba su ƙidayuwa. Me ya sa muka san waɗannan uku? Domin kowacce ta yi aiki, aikin kuwa an ajiye shi da sunanta a jiki. Mata nawa ne a ƙauyukanmu suka ƙaga waƙar daka mai daɗi, ko tatsuniya, amma yau ba wanda ya san mai ita? Ba hikima suka rasa ba, rubutu suka rasa.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Wadda ta iya rubuta sunanta ta kama linzamin da hannunta. Ba sai ta dangwala yatsa a takardar da ba ta san abin da ke ciki ba. Saboda haka maigida ya bar matarsa ta zo aji, uba kuma ya bar 'yarsa ta gama makaranta.

TAMBAYOYI

1. Mene ne takwara?
2. Wane aiki Hauwa Gwaram ta yi?
3. A wace shekara aka buga Alƙalami a Hannun Mata?
4. Me Farida take so?

AIKI

Rubuta HAUWA sau 5. Haruffa nawa ne? Wane harafi ya zo sau biyu? Sa'an nan kowa ya rubuta nasa suna da na takwaransa.